Malam In-Ji-Wa na Bulumkutu

Sunan da aka yi masa baftisma da shi Yoila, amma idan ka sauka daga keke a Bulumkutu ka tambayi gidan Yoila, sai mutane su yi ta kallon juna. Ka ce gidan Malam In-ji-wa kake nema, ko mai sayar da gawayi zai nuna maka shuɗiyar ƙofa mai dogonyaro a gabanta. Bana shekararsa saba'in da bakwai. Ya girme ni da wata huɗu, kuma tun muna aji ɗaya a makarantar mishan a ƙasar Biu muke tare. Ni ne Manasse, tsohon malamin Turanci. Na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa tun idona yana iya bin layi.

Wanda ya koya mana Turanci a aji shida shi ne Malam Pindar, dogon mutum mai farar riga da gajeren wando da safa har gwiwa. Ranar da ya zo kan darasin yadda ake ba da rahoton maganar wani, bai taɓa alli ba. Ya fito da mu gindin tsamiyar da ke bayan aji, ya jera mu uku-uku. Na farko zai faɗi magana, na tsakiya ya ɗauke ta ya kai wa na uku, wanda ke tsaye taki ashirin daga wurin. A jerinmu ni ne na farko, Yoila na tsakiya. Na ce, "I am hungry today," kuma gaskiya na faɗa, don kunun safe bai riƙe ni ba. Yoila ya taka a hankali, ya tsaya gaban na uku, ya ce, "Manasse said that he was hungry that day."

Malam Pindar ya sa ya maimaita sau uku don kowa ya ji. Sannan ya warware mana abin. "Ni" ya koma "shi", "yau" ta koma "ran nan", "nan" ya koma "can", aikatau kuma ya ja da baya taki ɗaya, tunda lokacin da aka yi maganar ya riga ya wuce. Waɗannan su ne muka haddace saboda jarrabawa. Amma ban taɓa ganin Malam Pindar ya ɗaga bulala don wani ya kuskure aikatau ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ka yar da kalmomi biyun farko. Wani ɗan ajinmu ya kai saƙo ya ce kawai, "He was hungry." Malam ya tsayar da shi, ya koma Hausa don kada wani ya ce bai gane ba.

"Ka shiga cikinsa ne ka ga yunwar? Faɗa maka ya yi. To ka ce ya faɗa maka. Idan ka yar da sunan mai magana a hanya, maganar ta zama taka, kuma ranar da ta zama ƙarya kai za a kama."

A jarrabawar wannan darasi na ci tara cikin goma, Yoila ya ci bakwai. Na wuce kwalejin horon malamai, na shekara talatin da biyar ina koyar da wannan darasi, aji bayan aji. Shi kuwa a shekarar 1970 ya sami aikin akawu a kotun majistare a nan Maiduguri. Da aka lura yana jin Bura da Hausa da Turanci, kuma cikin shekara biyu ya kama Kanuri a bakin maƙwabta, sai aka ɗora masa tafinta a kan aikin rubutu.

A kotu halin ya kama shi sosai. Mai shaida zai tsaya ya ce wane ya kwance tunkiyar wane. Kafin Yoila ya juya maganar zuwa Turanci, sai ya sunkuya ya tambaye shi a hankali, "Ka gani, ko an gaya maka?" Wani majistare ya taɓa tsawata masa, ya ce wannan aikin lauya ne, ba na tafinta ba. Yoila ya ba da haƙuri, washegari ya sake yi. Bayan wata shida majistaren da kansa ne yake ɗaga masa gira idan ya manta bai tambaya ba.

Daga kotu halin ya biyo shi gida. A ce masa za a ɗauke wuta mako guda, ya ce in ji wa. A ce masa 'yar wane ta sami miji, ya ce in ji wa. Matarsa Ketura, wadda ta shekara hamsin tana fama da shi, ta taɓa ajiye masa kwano ta ce, "Ga tuwo, ya nuna. Ko shi ma sai na kawo maka shaidu biyu?" Ya ce a'a, wannan ta gani da idonta, ya karɓa.

Ba zan ce kowa yana son wannan hali ba. Da ya yi ritaya a 2005 aka naɗa shi sakataren majalisar ikilisiyarmu. Da Turanci ake rubuta bayanan taro, domin ana aika kwafi ofishin gunduma, kuma Yoila ba ya rubuta "an ce" ko "wasu sun ga ya kamata". Kowace magana da sunan mai ita a gabanta. Karanta bayanan taron da ya wuce kawai yakan ci mana rabin sa'a, dattawa suna gyangyaɗi. Akwai wani dattijo da ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa, saboda wata magana da ya faɗa cikin fushi a kan mawaƙa ta fito a littafi da sunansa da kwanan wata. Ni kaina na sha ce masa, "Yoila, taron coci ne, ba kotu ba." Sai ya gyara tabarau ya ci gaba da rubutu.

Haka muke har shekarar ambaliya, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba, ruwa ya shiga gari.

Bulumkutu ruwa bai iso mu ba. Amma akwai wani ɗan ƙauyenmu, Jona, ɗan marigayi abokina, wanda ni na karɓe shi ranar da ya fara zuwa Maiduguri, ni ne kuma na tsaya masa a matsayin uba ranar aurensa. Keke Napep yake tuƙawa. Matarsa Dorothy tana ɗinki a gida, suna da 'ya ɗaya, Praise, wadda ya sa aka rubuta sunanta da jan fenti a bayan keken. Ranar Talatar da ruwan ya shigo, da sassafe wasu fasinjojinsa na kullum suka kira shi daga wajen Gwange, suka ce ruwa ya kai musu gwiwa, ga yara. Ya sha shayi a tsaye ya fita. Bai dawo ba. Wayarsa ta daina shiga tun kafin rana ta ɗaga.

Kwana takwas Dorothy tana yawo. Ta bi makarantun da aka mayar sansani, ta bi asibitocin da ake iya shiga, ta duba jerin sunaye a kowane tebur. Babu Jona a cikin masu rai, babu shi a cikin waɗanda aka rubuta sun rasu.

A rana ta tara, Laraba, da hantsi, aka yi sallama a ƙofata. Nasidi ne, Bakano mai sayar da kayan gyaran keke a Mafoni, abokin Jona na shekaru. Ya cire takalmi, ya durƙusa, idonsa ja.

"Baba, sai haƙuri. Allah ya yi wa Jona rasuwa. Jiya aka jawo kekensa, yana nan gaban shagona."

Ban tambaye shi komai ba. Na yi masa godiya, na sa hula, na tafi gidan Dorothy na gaya mata mijinta ya rasu. Da bakina na faɗa, kuma haka na faɗe shi, ba tare da sunan kowa a gaba ba. Ta zame jikin keken ɗinkinta ta zauna a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Praise ce ta yi.

A wurinmu, idan namu ya rasu a birni, akwai yadda ake yi. Majalisar ikilisiya ta zauna ta rubuta wasiƙa, a yi sanarwa a sujadar Lahadi, ran Litinin dattawa biyu su ɗauki wasiƙar su kai ƙauye, su zauna da manyan gida, sannan a shiga a gaya wa uwa. Ba a yin wannan ta waya. Uwar Jona tana nan da rai, ta haura tamanin, ga hawan jini, kuma cikin 'ya'yanta maza huɗu shi kaɗai ya rage mata. Duk wanda ya san ta ya san wasiƙar nan ba lalle ta bar ta da rai ba.

Da la'asar majalisa ta zauna a ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a. Na tashi na ce Jona ya rasu. Aka yi addu'a. Fasto, wanda sa'an 'ya'yanmu ne, ya juya ya ce, "Baba Yoila, a rubuta, kuma a shirya wasiƙar gida." Muka jira ƙarar biro a kan takarda. Ba mu ji ba.

"Manasse," in ji Yoila, "in ji wa?"

"Yoila, yau ba ranar wannan ba ce."

"In ba yau ba, yaushe? In ji wa?"

"Nasidi ya zo da kansa har gida."

"Nasidi ya ga gawa?"

"An jawo keken."

"Ban tambaye ka keke ba. Keke ba shi da uwa a ƙauye."

Wani dattijo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Haba Malam! Kwana tara mutum ba labari, ga kekensa an tono a laka. Me kuma kake jira, ya zo ya sa maka hannu?"

"Da ya fi," in ji Yoila. Ya juya wajen Fasto. "Abin da zan iya rubutawa shi ne Dattijo Manasse ya ce Nasidi ya ce. Idan majalisa tana so a kai wa tsohuwa wannan, ga biro, wani ya rubuta. Ni ba zan sa hannu ba."

Fasto ya juya zoben hannunsa. Can ya ce sanarwa ran Lahadi ce, don haka ya ba Baba Yoila zuwa ƙarfe goma sha biyu na ranar Asabar. Idan ba a sami wani abu dabam ba, shi da kansa zai rubuta wasiƙar.

Na koma gida da fushi. Na ce a raina Yoila ya kunyata ni a gaban majalisa, kuma zai sa yarinya ta sake ɗora rai a kan abin da babu. Amma ƙarƙashin fushin akwai wani abu da ya fi shi ciwo. Na san tambayar da ya yi mini ita ce wadda ya kamata in yi wa Nasidi tun yana durƙushe a tsakar gidana.

Washegari ƙarfe bakwai Yoila yana ƙofata, da lema da ƙaramin littafi a aljihun gaba.

"Tashi," ya ce. "Ka tuna jerin gindin tsamiya? Yau baya za mu bi shi. Kai ne na ƙarshe, mu je mu nemo na farko."

Muka hau keke zuwa Mafoni. Tun daga nesa warin laka ya tare mu. Ko'ina katifu ne a kan katanga, da littattafan yara an baje su a rana shafi ya manne da shafi. Keken Jona yana gaban shagon Nasidi, rufinsa ya lotsa, ciyawa ta cika ƙafafunsa. Wani ya goge lakar bayan da hannu, sunan Praise ya fito. Na kau da kai.

Nasidi ya kawo mana benci. Yoila ya yi masa ta'aziyyar kayan shagonsa da suka lalace, sannan ya buɗe littafi.

"Ɗana, ka ga Jona bayan ruwan?"

"A'a Baba. Wani dattijo mai busasshen kifi, ana kiransa Ba Madu, shi ya gaya mini. A gabansa aka yi."

"Me ya ce? Yadda ya faɗa da bakinsa nake so."

"Ya ce ruwa ya tafi da shi."

"Ya ce ya mutu?"

Nasidi ya ture hularsa gaba ya sosa ƙeya. "To Baba, wanda ruwan nan ya tafi da shi ai..."

"Wannan kai ka ƙara. Ba laifi ba ne, amma naka ne. Bari in rubuta shi a gefenka."

"Baba, da can ɗan sanda ne kai?"

"Akawun kotu."

"Shi ya sa," in ji Nasidi. Ya ce ruwa ya cinye gidan Ba Madu, yana ɗaya daga cikin makarantun da aka tara mutane, amma bai san wacce ba.

Ranar Alhamis ɗin nan makarantu uku muka shiga, ba mu same shi ba. Gwiwar Yoila ta kumbura, muna tafiya yana dafa kafaɗata. Da muka dawo Ketura ta tare mu a ƙofa da ruwan zafi a bokiti, tana faɗa. "Tsofaffi biyu, ɗaya ba gwiwa ɗaya ba ido, kuna yawo cikin laka! In kun faɗa rami wa zai rubuta taku wasiƙar?" Amma da safe ita ce ta ƙulla mana ƙosai a leda, ta ce kada mu dawo da shi.

Ran Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka sami Ba Madu a makaranta ta biyar, zaune a barandar wani aji a kan buhu. Dattijo ne siriri mai tsagar Barebari a fuska. Yoila ya ce masa, "Wushe, wushe," suka yi doguwar gaisuwa da Kanuri, suka ci gaba da shi. Ni ba na jin Kanuri sai na ciniki, don haka Yoila ya riƙa juyo mini da maganar guntu-guntu, kamar yadda ya saba a kotu, kowane guntu da "ya ce" a gabansa.

Ya ce yana kan rufin wani shago da safen nan. Ya ce ya ga Jona ya kwashe mata da yara ya kai su tudu, ya dawo ɗaukar sauran. Ya ce a dawowar ne ruwa ya kifar da keken, ya tafi da mutumin kamar tsumma. Ya ce can ƙasa, wajen wani turken wutar lantarki, mutumin ya maƙale. Ya ce wasu samari a kan tifar yashi suka jefa igiya, ɗayansu ya shiga ruwa ya ɗaura masa, suka jawo shi sama. Ya ce ƙafarsa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, kuma ba ya motsi.

Daga nan Ba Madu ya dube ni ya koma Hausa, irin tasu mai nauyin harshe. "Ni na ce wa Nasidi ruwa ya tafi da shi. Ina cikin magana aka kira shi wajen keken, ya tafi yana kuka. Ban ce ya mutu ba. Ban ce yana da rai ba. Abin da ban sani ba, ban sani ba."

Yoila ya rubuta. Sannan ya tambaya, da suka kwantar da shi a cikin tifar, sun rufe masa fuska?

Ba Madu ya runtse ido yana tunani. "A'a. Wani ya cire rigarsa ya yaga, ya ɗaure masa ƙafar da katako."

Yoila ya rufe littafin a hankali. "Manasse," ya ce, "ba a yi wa gawa ɗaurin karaya."

"To yana da rai ke nan!"

"Ban ce ba. Na ce da rai aka sa shi a mota, kwana goma da suka wuce. Kada ka ƙara naka."

Ba Madu ya ce tifar ruwan ɗorawa ce, ƙofarta ɗaya koriya, kuma irin waɗannan a unguwar Dala ta nan gari suke tsayawa. Na so in kira Dorothy a take. Yoila ya riƙe mini hannu. Ya ce an riga an kashe mata miji sau ɗaya da magana, ba za a tayar mata da shi da magana ba, don kada a sake kashe shi ran Asabar.

Asabar ƙarfe takwas muna Dala, inda tifofi ke jira a kira su. Babu mai koriyar ƙofa. Aka ce ta tafi kwasar shara a cikin gari. Muka zauna a bencin mai shayi, Yoila yana duba agogonsa, ni ina duba titi. Ƙarfe goma da rabi ta shigo. Direban, wani ƙaƙƙarfan saurayi mai suna Umar Faruk, ya sauko yana goge hannu da tsumma. Ya tuna. Ya ce ran nan mutane da yawa suka ɗauko, amma mai karyayyar ƙafa ɗaya ne. Ya ce hanyar asibiti ruwa ya rufe ta, don haka ya kawo shi nan Dala gidan wani mai ɗori, wanda ya taɓa gyara masa nasa hannun.

"Da rai na ajiye shi, Baba. Bayan nan ban sani ba, ban sake komawa ba."

Har wannan ma Yoila ya rubuta. Umar Faruk ya ce mu hau, lungun ba nisa. Ni da Yoila, da shekarunmu, aka tura mu gaban tifa kamar buhunan gero.

Gidan mai ɗorin gidan ƙasa ne mai dogon zaure. Babu tebur, babu jerin sunaye, shi ya sa duk yawon Dorothy bai kawo ta nan ba. Cikin zauren ƙanshin man shanu da sassaƙe, mutane biyar kwance a kan tabarmi, kowa da karare ɗaure a hannu ko a ƙafa. Daga haske muka shigo, ban ga komai sosai ba. Sai na ji murya daga lungu.

"Baba Manasse! Saƙona ya iso ke nan?"

Ya rame, gemu ya fito masa, an sa masa wata tsohuwar jallabiya da ta yi masa yawa. Amma Jona ne. Na zauna a ƙasa kusa da shi na kama kansa. Yoila ya tsaya a kanmu, ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba.

Jona ya ce kwana shida zazzaɓi ya rufe shi bai san inda yake ba, ruwan da ya sha ya yi yawa. Wayarsa ta tafi, kuma ko lambar Dorothy bai haddace ba, tunda kullum suna kawai yake dannawa. Da ya farfaɗo ya roƙi wani da ya zo duba ɗan'uwansa ya kai saƙo cocin Bulumkutu. Majami'un Bulumkutu sun fi goma. Har yau ba mu san wadda aka kai wa ba. Mai ɗorin, wani tsoho marar yawan magana, ya ce shi dai an kawo masa ƙafa, ya gyara, kuma yana ba mai ita kunu safe da yamma.

Agogon Yoila ya nuna sha ɗaya da minti ashirin. Ya karɓi wayata, ya ce shi zai kira. Na ji muryar Dorothy ƙasa-ƙasa, muryar wadda ta kwana uku a kan tabarmar makoki.

"Dorothy, 'yata, Yoila ne. Jona yana da rai."

Ta ce, "In ji wa, Baba?"

Tambayar ta soke ni, domin na san ni ne na koya mata ita ran Laraba. Yoila ya matso kusa da Jona. Ya sunkuya da gwiwarsa mai ciwo, ya kara wayar a kunnen Jona.

"Maman Praise," in ji Jona, "ni ne."

Ihun da ya fito daga wayar nan har mutanen da ke kwance a ɗaya gefen zauren sun ji shi. Wani mai karyayyen hannu ya ce Allahu akbar, ya fashe da dariya, dariyar ta motsa masa ciwo ya koma nishi. Muka fito waje muka bar su. Yoila ya jingina da bango, ya cire tabarau ya goge, sannan ya kira Fasto, saura minti ashirin da biyar.

Ran Lahadi an yi sanarwa, amma ba wadda aka shirya ba. Mata suka tashi da ganga da kacau-kacau, aka kusa sa'a guda ba a koma kan tsarin sujada ba, kuma ban ga wanda ya duba agogo ba. Dattijon da ya buga sanda ya zo ya sami Yoila a bakin ƙofa, ya ce, "To, ya sa maka hannun?" Yoila ya ce, "Ya sa." Nasidi ma ya zo da yamma gidan Dorothy da kankana biyu a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Na ja shi gefe na ce masa ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu, kuma ni na fi shi laifi, tunda shi ba a biya shi albashi shekara talatin da biyar yana koyar da abin ba. Na nemi gafarar Dorothy a gaban 'yarta. Ta ce ya wuce, Baba. Na yarda ta yafe, amma na lura har yanzu in na kawo mata labari takan ɗan jira.

Tsohuwa a ƙauye ba ta taɓa jin an yi makokin ɗanta ba. Bayan wata biyu Jona ya je da sandarsa ya gaya mata ya karye a ruwa. Ta yi masa faɗa a kan ganganci, ta sa aka yanka masa kaza. Tana nan har yau.

A taron majalisa na gaba Yoila ya karanta bayanan kamar kullum. Dattijo Manasse ya ce Nasidi ya ce. Nasidi ya ce Madu ya ce. Madu ya ce ya gani daga kan rufi. Direba ya ce da rai ya ajiye shi. Layin ƙarshe ne kawai babu "ya ce" a cikinsa. Na nemi littafin na duba da idona, ga abin da ya rubuta da ƙaramin rubutunsa mai karkata: "The Secretary saw him and shook his hand." Ran nan ba wanda ya yi gyangyaɗi.

Bara ya ajiye aikin sakatare saboda gwiwa, ya miƙa littattafan goma sha tara ga Florence, wata malamar firamare, bayan ya zaunar da ita Asabar huɗu a gindin dogonyaronsa. Yanzu yawanci a nan za ka same shi da rediyo a kan cinya, yana yi wa mai karanta labarai tambayar da ba ya ji.

Da na gama wannan rubutu na kai masa ya duba. Ya karanta da biro a hannu. Ya ce in bayyana cewa zancen majistare shi ya ba ni, zancen tuwo kuma Ketura ce ta ba ni, ban kasance a wurin ba. To, na bayyana. Sai ya koma shafin farko ya ɗora yatsa.

"Ka ce ka ci tara na ci bakwai. In ji wa?"

"In ji ni. Ina wurin."

"Ni ma ina wurin, kuma takwas na ci."

Malam Pindar ya rasu tun 1988, takardun kuma gara ta cinye su. Don haka na bar bakwai ɗina inda yake, na ƙara wannan: Yoila ya ce takwas ya ci.